Abin da Baba ya ƙara, injina ya rage

A wajen aiki ba mai kiran mahaifina da sunansa. Kowa Baba Kunne yake cewa, daga manajan ɗakin taro har masu shara. Ya fara da ɗaukar lasifika a kafaɗa, ya ƙare a kusurwar dandamali, bayan labule, kan mikisa, na'urar haɗa sauti, wadda ke mayar wa mawaƙa muryarsu su ji abin da suke rerawa. Tun kafin lasifika ta yi kuwwa yake jin tahowarta, ya kashe ta ba wanda ya sani. In ka nuna masa fitilun awon sauti sai ya harare ka ya ce, "Fitila tana da kunne ne?"

Ni ce autarsa, kuma ni ke zama a tsakiyar 'yan kallo kan babbar mikisa, wadda ke kai sauti ga jama'a. Shi ya koya mini aikin, da faɗa da rankwashi. Tun da aka kawo sababbin injuna, waya ɗaya siririya ce ta haɗa tasa da tawa, kuma makirufo duka ta akwati ɗaya suke shiga. Famfo ɗaya ne, bokiti biyu, kan famfon kuma yana hannun Baba. In ya murɗa ƙarfin shigar makirufo sama, da sai sautin ya yi tsalle a kunnen jama'a. Shi ya sa injina, wato mikisata, yake ramawa da kansa: abin da Baba ya ƙara, shi zai rage daidai, ya rubuta mini a gefen allo yawan abin da ya cire.

A wannan ɗan rubutun na gane Baba ya fara kurumcewa. Kullum lambar ƙara nisa take yi. A gida Mama tana tsokanarsa wai rediyonsa har maƙwabta ke amfana, ana dariya, ni kuwa dariyar ba ta kai mini ciki. Na taɓa buɗe baki zan yi maganar, ya ce, "Auta, ƙwai ya fara yi wa kaza wayo ke nan?" Na haɗiye sauran.

Injina yana iya ɓoye ƙarin a wajen jama'a, amma ba ya ɓoye shi a kan dandamali, inda lasifikokin mawaƙa ke ƙara zafi. Sau biyu suka yi kuwwa a tsakiyar taro. Bayan na biyun manaja ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ina ganin girman tsohon nan, amma in aka sake, sai dai ya huta a gida." Ban gaya wa Baba ba. Mutumin da ko ranar hutu sai ya zo ya goge wayoyi, ina zai sa kansa a gida?

Ranar da nake ba da labarinta, da yamma ne, ɗaki ya cika har da na tsaye. Mawaƙiyar mace ce mai wata waƙa da take farawa kamar raɗa, sai can ta saki murya gaba ɗaya. Mun gwada da rana, komai ya zauna daidai. Manaja ya zo ya tsaya a bayana ya harɗe hannu, abin da ba ya yi.

Ta fara raɗarta. Sai na ga lambar ta motsa. Baba bai ji muryar ba, ya ɗauka makirufo ne ya yi rauni, hannunsa ya tafi inda ya saba. Lambar ta sake motsawa. Jama'a ba su ji komai ba, injina yana ta shanye ƙarin, amma fitilar da ke kore ta koma ruwan ɗorawa. Na san abin da ke tafe: in matar nan ta saki murya, sautin zai fashe tun daga akwati, inda ramuwa ba ta gyara komai, lasifikar gabanta kuma za ta kwarma ihu.

Na danna maɓallin da muke magana da shi a tsakaninmu. "Baba, rage na mawaƙiya." Na sake dannawa. "Baba, don Allah rage, ya yi yawa." Ina hango shi ta gefen labule, abin sauraro yana manne a kunnensa na hagu kamar kullum, fuskarsa kwance, yana gyaɗa kai da kiɗan. Mawaƙiyar ta ja baya kaɗan daga lasifikarta, ta waiga inda yake. Na ji ɗan siririn fito ya fara ɗagowa, irin wanda shi ya koya mini ganewa.

Akwai wuri a allona da ban taɓa taɓawa ba, inda ake ƙwace kan famfon daga waccan mikisar. Tsoro nake ji, da kunya, har da haushinsa. Mai ganga ya ɗaga sanda, mawaƙiyar ta ja numfashi. Na danna, na murɗo ƙarfin ƙasa.

Ta saki murya, ta fita tas, ɗaki ya ɗauki tafi. Manaja ya dafa kujerata ya ce, "Tsohon naki har yanzu da sauransa," ya wuce. Ni kuwa Baba nake kallo. Ya murɗa kan famfon nan nasa, abin bai yi aiki ba. Ya sake murɗawa. Ya duƙa ya karanta allon da bai taɓa yarda da shi ba, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman kawunan mutane. Har aka tashi bai sake kai hannu wurin ba.

Bayan an watse na same shi yana naɗe waya a gwiwar hannu. Na durƙusa na kama masa ɗaya bakin.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya, bai dube ni ba.

"Tun bara, Baba."

Ya ci gaba da naɗi. Na ɗauka fushi ne, na fara ba shi haƙuri, ina cewa ba raini ba ne, ina ta zuba. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya zuba wa bakina ido, na gane ko kalma ɗaya bai ji ba.

"Abin murɗawar nan, bar shi a hannunki," ya ce. Ya rataya wayar a ƙusa, ya daɗe yana gyara mata zama. "In za ki yi mini magana kuma, Auta, ki riƙa zagayowa ta dama."