Gawon da ke cikin hoton

Ina da shekara sittin da wani abu na koyi karatu, nan Dogon Dutsi, ajin yaƙi da jahilci. Wadda tak koya muna yarinya ta, sa'ar ɗiyata ta ƙarshe, kuma ita ka karanta labaru a rediyon garinmu. Madam muke ce mata. In na rubuta harafi a karkace sai ta ce, "Inna, wanga ya sha rana na, tashe shi." Ba ta taɓa yi mani ƙaryar na iya ba alhali ban iya ba.

Shekarar da partinmu za ta hidda kandida na depite, wato ɗan takarar majalisa, mutum biyu sunka nema. Ɗaya ɗan ƙanena na. Yay yi mitin, taron neman ƙuri'a, a Matankari cikin rani, Madam ta hau kabu-kabu tat tahi, ta dawo tac ce a rediyo mutane sun zo amma hilin bai cika ba. Iyakar abin da tac ce ke nan.

Akwai wani gurup na 'yan Arewa cikin portabul, wayar hannu, ɗiyata tas sa ni ciki don in ji labarin dangi. Kahin la'asar gurup ya kama wuta. Sai ga hoto: jama'a maƙil, har ƙarƙashin wani babban gawo, anka ce mitin na. Wani ya ce an sayi Madam. Wani ɗan kasuwa daga Yamai ya aiko murya yana cewa rediyon nan dama gidan ƙarya na. Masu kare ta kuma sunka zage uwayen waɗancan, abin da bai ƙara mata komi ba. Anka hwara cewa a tahi wurin daraktan rediyon a hidda ta.

Ita ko sau ɗaya tar rubuta: "Na je, na gani. Wanda yag ga wanin haka ya kawo, in na yi kure in gyara da bakina." Ba ta ƙara ba. Washegari tak karanta labarunta, muryarta ko rawa.

Ni da ke son ɗan ƙanena ya ci, na buɗe hoton da yatsa biyu ina neman matarshi, in ga zanen da tas sa. Ban gan ta ba. Gawon na gani, tsirara, ko ganye ɗaya babu. To, duk wadda tat taɓa tsintar ɗiyan gawo don awaki ta san halinshi: da damina yake zubda ganye, da rani yake kore shar. Yaran da sunka haɗa abin a birni sunka tashi, sun duba kawunan mutane, ba su duba itace ba.

Na kira ɗan ƙanena. Yac ce, "Gwaggo, ki bar wanga zance, siyasa ta."

Na ce, "Gawon ma siyasa yake?"

"Gwaggo, don Allah."

Na iya aika murya, ta hi sauƙi. Amma na zauna bisa tabarma na rubuta cikin gurup, harafi harafi, har tuwona yak kama. "Wanga hoto na dammina na. Ku dubi gawo."

Can wani makiyayi na wajen Sukukutane ya aiko murya yana dariya: "Wallahi tsohuwa ta yi gaskiya, ranar mitin awakina na ƙarƙashin gawon nan suna shan inuwa." Wani kuma ya gane hularshi cikin hoton, yac ce ranar sallar layya ta, wadda tah hwaɗo cikin damina. Ɗan kasuwar Yamai ya goge muryarshi. Ba wanda yat tahi wurin darakta.

Matar ƙanena ta yi wata biyu in mun gamu a rijiya tana gyara gammo don kada ta gaishe ni. Na bar ta.

Ranar aji na zaci Madam za ta gode mani gaban mata. Har na sa sabon kallabi. Ta karɓi portabul ɗina tad duba abin da na rubuta, tad daɗe tana dubawa, tac ce, "Inna, damina da 'm' guda ake rubuta ta. Kin sa biyu."

Na ce, "Ke, 'yar nan, ba ki da kunya?"

Ta miƙo mani alli.