Buhunan Baba Sabo Huɗu

Ban taɓa mantawa da ranar da ruwan farko ya shiga mana sito ba, a shekarar da aka canja launin kuɗi, wato 1984. A lokacin ina lebura a siton ƙungiyar manoma a nan Lafiya, wajen Bukan Sidi. Da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ni da furfurata, kuma mun shiga lissafin kashi cikin ɗari ke nan.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su riske shi ba. Bayan girbi manomi yakan kawo shinkafarsa ajiya, a sa wa kowane buhu alamar mai shi. Wanda ya riga zuwa, nasa ne ke shiga can ƙurya, na baya su tare gaba. Dokar ƙungiya kuwa ita ce, in abin da ya lalace bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, ana kiransa asarar ajiya, ba a biyan kowa.

A farkon Afrilu iska ta ɗaga kwanon rufi ɗaya, ruwa ya zuba a ƙuryar gabas. Ba mu gani ba sai da wari ya tashi. Da muka janye buhuna, muka tarar huɗu sun jiƙe, shinkafar ta tsiro ta ruɓe.

Akawunmu, Malam Yakubu, mutumin kirki ne, kuma yakan duba mini aikin aji. Ya ce, "Malam Isa, ga jarrabawa ta same ka a gida. Buhu huɗu cikin ɗari biyun da ke sito, kashi nawa?"

Na daɗe ina lissafi, na ce, "Biyu, Oga."

"Ka ci! Ko rabin biyar ba mu kai ba. Allah ya rufa asiri."

Muka yi murna. Sai da na juya buhunan na ga alamar ƙafar kaza a jikin duka huɗun. Ta Baba Sabo ce, wani dattijo daga Kwandare. Kullum shi ke riga kowa kawo kaya, shi ya sa nasa suka shige ƙurya. Abin da ya ajiye ke nan duka.

Ranar kasuwa ya zo a kan kekensa. Malam Yakubu ya ba shi kujera, ya yi masa bayanin doka a hankali. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, na ji. Biyu ta lalace, casa'in da takwas na nan. To, a ba ni casa'in da takwas ɗina in tafi."

Ba wanda ya yi dariya. Ba neman faɗa yake ba, hakan ya fahimta, kuma ni ban ga inda ya kuskure ba.

Na ce, "Oga, shi Baba kashi nawa ya rasa?"

Malam Yakubu ya cire tabarau. "Ɗari cikin ɗari."

Sannan ya ce in kawo mudu. Buhunmu yana cin mudu hamsin, kashi biyu cikin ɗari na buhu mudu ɗaya ke nan. Ya ce in asarar ta sito ce, to kowane buhu ya ɗauki rabonsa. Amma doka ba ta ba shi ikon taɓa kayan kowa ba, sai dai roƙo.

Sati uku muna roƙo. Duk wanda ya zo ɗaukar kaya, sai in fito da mudu in yi bayani. Wani mutumin Asakiyo ya ce, "Ni na ɗaga kwanon?" Ya ɗaure kayansa ya tafi. Wata mai buhu biyu kuwa ta zuba mudu uku, ta ce, "Malamin lissafi, na ukun kada ka sa shi a cikin ɗarinka." A ƙarshe muka tara buhu uku.

Baba ya zo, ya yi godiya har muka ji kunya. Sai ya tsoma hannu, ya baza ƙwayar a tafinsa: doguwa, gajera, fara, ja, duk a gauraye. Ya ce, "Wannan ta ci ce, Isa. In na shuka, wata ta nuna, wata tana ɗanya." Tasa wata ja ce mai saurin nuna da ya gada wurin mahaifinsa. Mun tambaya har Asakiyo, ba mu sami mai irinta ba.

Daga shekarar muka daina tara kayan mutum ɗaya wuri ɗaya. Ni kuma duk sanda na ji an ce kashi kaza ne kawai, nakan je in duba alamar da ke jikin buhun.

Sito ya rasa buhu huɗu cikin ɗari biyu. Baba Sabo ya rasa buhu ɗaya, da damina ɗaya, da irin mahaifinsa.