Kumatuna da Geron Iri

A shekarar babban fari ina ɗan lakol a Maraɗi, a makarantar kwana. Ba ni da yawan magana, kullum ina kan littafi, kuma tun ina ƙarami jikina mai karɓar abinci ne. A makaranta ana dafa mana dawar taimako, don haka da na koma ƙauyenmu kusa da Gidan Sori hutu, ni kaɗai ne mai kumatu a garin. Wani tsoho a ƙofar masallaci ya tambaye ni ko a lakol cikin rumbu ake kwantar da yara. Aka yi dariya.

Daga ranar na ƙudura sai na rame, kuma na bi abin da tsari kamar aikin lissafi. Anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, Inna ke jiƙawa ta dafa mana. In ta zuba mini, sai in yi loma kaɗan in ce na ƙoshi. Kowace safiya in zagaya wuyan hannuna da yatsu in ga ko sun haɗe. Ban ji yunwa ba, ban ji komai ba. Ban kuma gaya wa kowa dalili ba.

Inna ta ɗauki abin daban. Ta ce wa ƙanwarta na saba da cimar birni, anza ba ta shiga mini, zan mutu a hannunta. Wata rana ta miƙo mini furar gero, ta ce ni malamin lakol in sha, ban da musu. Na sha. Haka ta yi ta kawowa, ni kuma ban taɓa tambayar inda gero ya fito a shekarar da babu shi ba. Da ruwan shuka ya sauka a makare, Baba ya buɗe tulun da ya ɓoye geron iri a ciki, ya tarar saura rabi. Bai yi faɗa ba. Ya dubi tulun, ya dube ni, ya ɗauki sungumi ya fita. Rabin gonarmu bai ga shuka ba a daminar.

Na daɗe kafin in gane cewa abin da nake kira kunya, shagala da kaina ce ta hana ni duban mutanen gidanmu. Yau likita ya sa ni rage ƙiba, kuma kafin in rage loma ɗaya sai da na zauna na yi wa maiɗakina bayani. Duk mai son rage jiki, ya fara gaya wa mai dafa masa abinci. In ka yi shiru za ta nemi dalili da kanta, kuma abin da za ta yi don ta cece ka ba za ka iya mayar mata ba.