Dalar Cibiya ta Gwaggo Dada

Duk wanda ya taɓa bi ta layin maƙeran azurfa a Sabon Gari na Maraɗi ya san rumfar Jatau, ko bai san sunansa ba. Ita ce mai ɗan akwatin gilashi a gaba da guntun dutsen niƙa a gefe, da wani siririn mutum mai farar riga kullum a goge, yana jefa tsohon kuɗi bisa dutsen yana karkata kunne. Sana'arsa ke nan, sayen tsoffin kuɗin azurfa da sayar da su. Halal ce, ba mai cewa komai a kanta. Yadda Jatau ke yin ta ne ke tayar wa mutum da zuciya.

A Jiratawa aka haife shi. Uwarsa ta rasu ba a ko yaye shi ba, sai yayar ubansa, Dada, ta goya shi ta kai Tibiri. Dada ungozoma ce, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta taɓa bari Jatau ya ji maraici ba. Da ya tasa ta kai shi Maraɗi koyon ƙira. Zafin wuta bai karɓe shi ba, zuga-zugi ma gajiyar da shi yake yi, amma Allah ya ba shi kunne. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, alhazan gari suka tsorata da takarda, kowa na neman abin da zai ajiye wanda gwamnati ba ta iya rage masa daraja da sanarwar rediyo. Jatau ya ajiye guduma, ya buɗe rumfa.

A ba shi haƙƙinsa, ya san kayansa. In aka miƙo masa dalar azurfa, ba ya fara kallon fuskarta. Sai ya auna ta a tafin hannu, ya jefa bisa dutse. Ta gaske tana yin ƙara siririya mai tsawo, jabu kuwa faɗuwa take yi ƙwas ta yi shiru. Sa'an nan ya duba gefe ya ga ko rubutun da ya zagaye ta ya goge, ko an taɓa huda ta aka sa a sarƙa aka like. Wadda aka dirje da toka da lemun tsami har ta yi fes ba ya ɗokinta, ya ce an kashe mata tsufa, masu tarawa na Yamai baƙin tsufan nan suke saye. Daga ƙarshe sai ya lasa. I, da harshensa. Kuɗin da ya shekara a ƙugun tsohuwa, ya sha gumi ya sha hayaƙi, Jatau zai lashe shi gaban mutane, ya lumshe ido, ya ce tagulla ba ta ɓuya ga harshe.

To a ina yake samun kayan? A gidan mutuwa. Daga Tibiri zuwa Jiratawa da ƙauyukan bakin gulbi, zaman makoki ba ya wuce Jatau, muddin tsohuwa ce ta rasu. In saurayi ne ya mutu, a waya yake gaisuwa. Zai zo da wuri, ya zauna bisa tabarma, ya ci gumbar sadaka, ya ɗaga hannu ya shafa fatiha har da ƴar ƙwalla. Kafin a yi sadakar uku ya ja ɗan mamaciya gefe, ya tambaye shi a hankali ko tsohuwa ta bar wasu ƴan ƙarafuna cikin matashi ko ƙarƙashin tukunya, ai ba su da wani amfani yanzu, shi zai karɓa ya taimaka da hidimar baƙi. Mutum yana cikin zafin rashi, ga baƙi sun cika gida, me zai ce? Ungulu dai ba ta jewar banza, kuma sunan da ake kiransa da shi ke nan a bayan idonsa. Ya sani, bai taɓa hana shi barci ba.

Amma akwai dala guda da ta tsaya masa a rai tun yana yaro, kuma ba a gidan mutuwa take ba. Tana ɗakin Dada, cikin wata ƴar batta ƙarƙashin katifa. Irin manyan nan ce mai kan mace, mai nauyi, ba huda, ba tabo, ta yi baƙin tsufa mai kyau. Dada ta gaje ta daga uwarta tare da sana'ar. In cibiyar jariri ta faɗi, sai ta dafa dalar a ruwan zafi, ta bari ta huce, ta ɗora a wurin, ta ɗaure da tsumma mai tsabta don kada yaro ya yi cibi. Ma'aikatan likita sun daɗe suna faɗa a kan wannan al'ada, matan Tibiri kuma sun daɗe suna cewa to, su koma gida su aika a kira Dada. Rabin garin sun yi kwanaki da dalar nan bisa cibiyarsu. Da ita ake sanin Dada, da ita take cin abinci, saboda ita yara ke durƙusawa in ta wuce.

Wani alhaji na unguwar Zariya a nan Maraɗi, mai fataucin hatsi, ya sa Jatau gaba yana son irin wannan, tsohon bugu, marar huda. Jatau ya hau kabu-kabu, babur na haya, ya tafi Tibiri. Ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi akuyoyi, sa'an nan ya fito da maganar. Ya ce zai kawo mata wata sabuwa fil, ya ƙara mata da tunkiya.

Dada ta yi dariya. Ta ce, "Ba tawa ba ce, Jatau. Ta ɗiyan mutane ce. Ajiya aka ba ni."

Ya sake komawa, ya sake komawa, amsar ba ta canza ba. Mutumin kirki da ya haƙura. Shi kuwa sai ya jawo aljihun teburinsa, inda yake tara jabun da yake nuna wa masu saye don su ga bambanci. Ya zaɓi guda mai kan mace, tagulla ce aka yi wa wankan azurfa. Ya shafa mata mai da baƙin tukunya, ya goge, ya sake shafawa har ta yi kama da tsohuwa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya isa gidan Dada da sabulu da sukari. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka, ta fita tsakar gida dama masa fura. Kafin ta dawo an gama aiki, batta ta koma ƙarƙashin katifa. Ya zauna ya shanye furar nan tas, har da neman ƙari. Allah wadaran naka ya lalace.

Ya gaya wa kansa cewa ƙarfe ƙarfe ne, cibiyar jariri ba ta san azurfa ba. Alhajin Zariya ya karɓi dala ya yi murna, ya jefa ta cikin akwatin ƙarfe tare da ƴan uwanta, ya kulle.

Dada kuwa ta ci gaba da dafa tata kamar yadda ta saba. Ruwan zafi ya yi ta cin wankan azurfar a hankali. Idonta ya riga ya yi rauni, ba ta ga inda ja ya fara leƙowa ba. Jaririyar farko da abin ya faɗa wa ita ce Hidaya, ɗiyar Salima da Hafizu magini. Da aka kwance tsumma aka tarar da wurin ya kumbura, ya yi kore-kore, yana fitar da ruwa mai wari, yarinya tana ta tsala kuka jikinta zafi rau. Aka kwashe ta zuwa likita a Maraɗi. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta wanke Salima tas, ta ce sau nawa za a gaya muku, ko azurfa ko zinariya kada a ɗora wa jariri komai a cibiya. Da ƙyar yarinya ta sha. Ana cikin wannan sai ga jaririn Tsahara, maƙwabciyarsu, wanda Dada ta ɗaura wa dalar, shi ma da irin ciwon.

Daga nan bakin mata ya buɗe. Ba wadda ta yi zancen ƙarfe, dalar da ta yi wa iyayensu da su kansu lafiya ba za ta tashi yau ta yi cuta ba. Hannun Dada aka zarga. Wata ta tuna cewa uwar Dada daga gidan masu tsafi ta fito, can ƙauyen Jiratawa. Wata ta ce dama macen da ba ta haihu ba sai a hankali. Kalmar maita ba a faɗe ta da ƙarfi ba, amma ta shiga kowane gida. Aka yi haihuwa a layinsu ba a kira ta ba. Matan da ta yanke wa cibiya da hannunta suka fara janye ƴaƴansu in ta zo wucewa.

Labari ya iske Jatau a rumfa. Ya tsorata, ba don jarirai ba, don kansa. Ya daina zuwa Tibiri, ya ce kasuwa ta riƙe shi.

Sai Tibiri ta zo masa. Wata safiya yana karin kumallo da ƙosai sai ga Hafizu da mijin Tsahara da wani dattijon unguwa, Dada tana biye da su da sandarta. Ita ce ta nace a zo. Ta ce tana da ɗa a Sabon Gari wanda duk Maraɗi ba wanda ya fi shi sanin azurfa, a kai masa dalar, abin da ya faɗa ta yarda. Maƙeran layin suka ajiye aiki suka matso.

Dada ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa batta. Jatau ya buɗe, ya ga aikin hannunsa, duk gefen ya yi ja. Hanya biyu ce gabansa, kuma ya gan su sarai. In ya ce wannan ba dalar da ya sani ba ce, an musanya ta, Dada ta fita, amma tambaya ta gaba ita ce wa ke shiga ɗakinta har ya san ƙarƙashin katifa, kuma Tibiri duka ta san amsar. In ya ce wani abu daban, shi ya fita.

Ya auna ta a tafin hannu. Ya jefa bisa dutse, ta faɗi ƙwas. Ya duba gefe. Har lasa ya yi, marar kunya, ƙarfen da aka ciro daga ruɓaɓɓen ciwon jariri, ya tofar da yawu gefe, ya girgiza kai kamar mai jin tausayi.

Ya ce, "Gwaggo, wannan ai ba ta taɓa zama azurfa ba. Tagulla ce tun asali, wanki ne ya ƙare. Duk shekarun nan abin da kike ɗaura wa ɗiyan mutane ke nan."

Dattijon ya yi salati. Hafizu ya ce to ai gara da aka zo, ba maita ba ce, jahilci ne, amma daga yau kada ta ƙara taɓa jaririn kowa, in ba haka ba hukuma za ta raba su. Mijin Tsahara ya ƙara da cewa ashe duk garin Allah ne kawai ya kiyaye su. Wani maƙeri ya yi ƴar dariya. A tsaye a bakin rumfa, cikin ɗan lokacin da ƙosai bai ko huce ba, aikin Dada da na uwarta suka zama abin dariya. Mazan suka juya suka nufi bakin titi neman abin hawa, ba wanda ya jira ta.

Dada ba ta tafi nan da nan ba. Ta sa hannu ta lalubi dalar bisa dutsen, ta mayar cikin batta, ta ɗaure a bakin zane. Sa'an nan ta matso kusa yadda maƙeran ba za su ji ba.

Ta ce, "Tun Juma'ar da ka kawo mini sabulu na ji ba ta cika mini hannu. Na ce tsufa ne, hannuna ne ya mutu. Gara in zargi hannuna da in zarge ka." Ta gyara mayafinta. "Yau ma ba don su na zo ba. Cewa na yi bari in kawo maka ita har gida, ko za ka faɗa da bakinka."

Jatau ya sa hannu aljihu ya ce bari ya biya mata kabu-kabu.

"Bar shi," in ji ta. "Ka ci ƙosanka."

Ta dogara sandarta ta bi layin a hankali, tana kauce wa babura. Da ya tashi ya bi ta, ko a bakin titi ne ya kira Hafizu ya ce tsaya, akwai magana, da har yau ana kiran Dada gidan haihuwa. Bai tashi ba. Ya bi ta da ido har ta sha kwana, ya goge dutsensa da gefen hannu, ya jawo takardar ƙosan ya ci gaba da ci.

Dada tana nan Tibiri da ranta. Ba a ƙara kiranta ba, kuka da kuɓewa busasshiya take sayarwa a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta sani ba. Jatau ma yana nan, rumfa ta ƙara girma, ya sa mata ƙofar ƙarfe. Duk wanda ya zo daga Tibiri sai Jatau ya tambaye shi jikin Gwaggo, ya tambaya da kyau, dalla-dalla, ko tana cin abinci, ko tarin ya ragu. Ya ji an ce akwai wasu tsoffin awarwaron azurfa na uwarta da ba ta taɓa nuna wa kowa ba.