Ranar da Baba Birki Ya Zama Fasinja

Shekara talatin da takwas Baba Birki ya yi yana tuƙa bas a cikin gari. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda taushin ƙafarsa in zai tsayar da mota. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata 'yar tsohuwar mota, da ita yake kai matarsa asibiti duk ranar Talata a duba mata gwiwa.

Ana nan ido ya fara ba shi matsala, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Babbar 'yarsa ce ta zo karɓar makulli. Ta durƙusa a gabansa tana hawaye, sai shi da kansa ya ɗora mata a tafin hannu.

"Riƙe, uwata. Kukan me? Ai da sauran ƙafa."

Da Talata ta zagayo, shi da matarsa suka fita jiran bas. Babu benci, babu inuwa, suka yi minti arba'in a tsaye. Da bas ɗin ta zo, matakalar ta yi wa tsohuwa tsawo, sai da ya tallafe ta. Kafin ta zauna direba ya fizgi mota, ta faɗo jikinsa. Aka kuma sauke su can tsallaken titi, nesa da ƙofar asibiti.

"Dama haka abin yake?" ya tambaye ta.

"Haka yake tun kana kan sitiyari, Malam. Kai gabanka kawai kake kallo."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Washegari ya shiga bin gidajen tsofaffin unguwa. Ya samu tsohuwar ungozoma da ta daina zuwa ganin jikokinta, da wani tela mai dogara sanda, da wasu tara. Suka ɗunguma ofishin sufuri. Jami'ar da suka tarar, wadda ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, ta miƙo masa takardar koke ya cike.

"'Yata, idona ba ya ganin rubutu," in ji shi. "Ki zo ki raka mu asibiti ranar Talata. Amma fa da irin tafiyarmu."

Ta kuwa zo. Ta sha tsayuwa tare da su, ta ga yadda tela yake miƙa sandarsa ciki kafin ya ja jikinsa ya hau. Wajen tsallaka titi, suna tsakiya fitila ta ba motoci hannu. Ba ta san lokacin da ta ɗaga hannu biyu ta tare motocin ba.

Ungozoma ta dafa ta. "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Mu kullum haka muke yi, sai dai mu ba mai tare mana."

Bayan wata uku aka kafa benci mai rumfa, aka mayar da wurin sauka daidai ƙofar asibiti, aka ƙara wa fitilar lokaci. Matakala dai har yau ana ta alkawari. Jami'ar ta roƙi Baba ya riƙa yi wa sababbin direbobi magana duk wata. Abu ɗaya yake nanata musu: kada ƙafa ta taɓa totur sai an duba madubi an ga tsoho ya zauna.

Wata safiya matarsa ta yafa mayafi, ta ce ita da ungozoma za su asibiti.

"Kai zauna, yau fitar mata ce."

Bai iya zaman gidan ba. Da ta sauko daga bas da azahar, sai ga shi a kan benci tare da tela.

"Tun yaushe kake nan, Malam?"

"Yanzun nan na zo."

"Kai, ji tsoron Allah!" in ji tela. "Bas shida ya leƙa."

Ta yi dariya, ta miƙa masa jakarta, suka kama hanyar gida a hankali.