Ƙugiyar da Ya Nuna wa Inna

Ni ban taɓa son aikin shara ba. Na zo Kuala Lumpur karatun injiniya ne da burin taɓa injin jirgi, ko aƙalla na mota, sai malaminmu ya haɗa ni da wani Bakano ɗan'uwana, ya ce mu yi aiki a kan hannun ƙarfen nan na bayan motar shara, wanda yake ɗaga kwando ya juye. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure. Shi kuwa abokin aikin nawa murna ya dinga yi kamar an ba shi kujerar Makka. Ina ce masa Sarkin Bola, yana ce mini Ɗan Gayu, a haka muka saba har ya zama ba ni da kamarsa a garin.

A unguwar Sentul muke zaune, bene ɗaya, shi da matarsa a hawan da ke samana. Duk safiyar da motar shara za ta zo, sai na ji takunsa a matattakala, da silifas, yana sauri wai zai je ya ga yadda kwando yake kuɓucewa. Kuma yana kuɓucewar. Kwandunan unguwarmu duk leɓensu ya lanƙwashe ko ya tsage, in hannun ya kai sama sai kwandon ya zame, wani lokaci ya faɗa cikin motar, wani lokaci ya dawo kan mutum. Shi ya sa ma'aikatan suke tallafe shi da hannu har ya gama juyewa, ruwan shara yana bin gwiwar hannunsu. Abin da ya tsaya wa mutumina a rai ke nan. Ya ƙera wata ƙugiya a cikin akwatin ƙarfe, wadda nauyin kwandon ne da kansa yake kulle ta, ba ta saki sai gindinsa ya taɓa ƙasa. Ni lissafi da zane na yi masa. Dabarar tasa ce, ban taɓa musun wannan ba.

Jami'a ta ce za ta nema mana takardar mallakar ƙirƙira, wato shaidar hukuma cewa abin nan sabo ne a duniya, ga kuma wanda ya fara yin sa. Takardar nan ta shiga ransa ba kaɗan ba. Tun ba a rubuta komai ba ya sayo mata firam a wani shago a titin Jalan Masjid India, ya ajiye a bayan kujera. Na ce masa wannan ai sayen ragon suna ne tun ba a yi auren ba. Ko a jikinsa. Ya ce in ya koma gida, duk wanda ya ce bola ya je karantowa, bango kawai zai nuna masa.

Sai annoba ta zo. Aka rufe jami'a da ɗakin ƙirar, takardunmu suka kwanta a kan teburin da ba wanda zai iya zuwa wurinsa. Sai da aka sassauta kulle sannan aka shigar da buƙatar, watanni da yawa bayan lokacin da muka tsara. Ban ɗauki jinkirin a bakin komai ba, duniya ma ai gaba ɗaya ta makara a shekarar.

A shekara ta biyu ciwon ya kama shi. Na tsaya a taga ina kallo aka sa shi a motar asibiti, ya ɗago mini hannu. Kiran ƙarshe da ya yi mini, ba magana a ciki. Ina jin yana ƙoƙari, ina cewa "Na'am, ina jin ka," amma numfashi ne kawai da ƙarar na'ura. Na daɗe riƙe da wayar kafin wani ya kashe ta daga can. Mutane masu fararen kaya har fuska ne suka binne shi, mu muna tsaye daga nesa inda aka ce mu tsaya. Matarsa ta yi takaba a saman kaina, ina sayo abinci a kedai, shagon unguwa, ina ratayewa a hannun ƙofarta. Da hanya ta samu ta koma gida, ta tafi da firam ɗin a tsakiyar zannuwanta.

Bayan tafiyarta ne benen ya fara damuna. Ni ba matsoraci ba ne, kuma ban yarda da fatalwa ba, amma duk safiyar da motar shara ta kunno kai layinmu, kafin in ji ƙararta sai in ji silifas a matattakala. Na sha buɗe ƙofa. Wani lokaci wani tsoho ne na hawa na sama zai sauka da jakar shararsa, wani lokaci kuma ba kowa. Daga baya na daina buɗewa, sai in zauna a bakin gado in jira a gama juye kwandunan.

Matar abokin nawa takan kira ni jefi-jefi. Bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Malam, certificate ɗinsa ya fito?" In ce mata ana bincike, mu yi ta addu'a.

Wata rana da hantsi lauyan jami'a ya kira ni. Ya ce ma'aikaciyar hukumar da take binciken buƙatarmu ta turo sakamako. Aikinta shi ne ta duba ko'ina a duniya ko wani ya riga mu. Ta duba ƙugiyoyin Jamus da na Japan da na Amurka, duk ta ce tamu daban ce. Abu ɗaya ne ya tsayar da ita, wani bidiyo a intanet.

"Na wace ƙasa?" na tambaya, raina ya fara ɓaci.

"Na turo maka, ka buɗe ka gani. Ina jin yarenku ne."

Na buɗe. Ga ɗakin ƙirarmu, ga hannun ƙarfen, ga koren kwandon da muke gwaji da shi. Sai ga shi ya shigo daga gefe yana goge hannu a rigarsa, ya sunkuyo ya gyara wayar, fuskarsa ta cika mini allo. "Salamu alaikum, Inna. Ga aikin da kika ce in nuna miki."

Na rufe kwamfutar da ƙarfi, na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Ban san da bidiyon ba. Daga maganarsa a ciki, da bayanin da ya rubuta a ƙarƙashinsa, na gane yadda aka yi. Mahaifiyarsa ce ta gaji da surutun maƙwabta, wai ɗanta ya tafi ƙasar waje kwasar shara, ta ce ya nuna mata abin da yake yi da idonta. Ya jingina waya a kan benci ya ɗauka shi kaɗai. Bidiyon ya yi nauyi, wayar ƙanwarsa ta kasa karɓa, sai ya ɗora a dandalin bidiyo inda kowa zai iya gani, ya tura musu adireshin. Da yake injiniya ne har cikin ɓargo, bai iya barin abu ba suna ba, ya rubuta masa cikakken sunan na'urar da Turanci. Ta nan mai binciken ta same shi.

Lauyan ya yi mini bayanin dokar a hankali. Duk abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo, ko da kai ne ka bayyana. Ana ɗaga wa mutum ƙafa na shekara guda, mu kuma kulle ya sa mun wuce shekarar. Amma ya ce akwai sauran dama. A hoto akwatin ƙarfe kawai ake gani yana kama kwando yana saki, ba a ganin cikinsa. In bakinsa bai faɗi abin da ke ciki ba, mun tsira. Mai binciken ba ta jin yaren, tana son fassara da sa hannun wanda ya yi.

"Abin da ka ji kawai za ka rubuta," in ji shi. "Akwai ƙara sosai a wurin. Inda ba a ji, ka sa ba a ji. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya.

Kwanaki na yi ina fassarar nan, da rana tsaka, labule a buɗe, don ban yarda in saurare shi cikin duhu ba. In saurara, in tsayar, in rubuta, in mayar baya. Yana tsayawa da baki a buɗe duk inda na tsayar da shi. Ya yi wa Inna tsiya a kan hawan jininta, ya ce ta rage gishiri. Ya nuna mata safar hannunsa don ta san ba ya taɓa ƙazanta. Na yi dariya a wani wurin, dariyar ta koma mini kuka.

Sai ya dafa akwatin. A daidai nan wani ya kunna injin gurza ƙarfe a ɗakin da ke kusa, ƙara ta cika bidiyon. Na ce alhamdu lillahi. Amma mutumin nan, maimakon ya haƙura, matsowa ya yi dab da wayar ya ɗaga murya.

"Inna, kin san zargen da ake yi wa akuya, in ta ja ya ƙara matsewa? To haka take. Akwai wani harshe na ƙarfe a ciki, yana lilo a kan pin, a kan ƙusa nake nufi. Ƙusar ba a tsakiya take ba, ta fi kusa da baya. In kwando ya yi nauyi sai ya danne gajeren ɓangaren, dogon ya rufo ta sama. Kin gane, Inna?"

Bai bar komai ba. Inda sifirin yake, abin da ke ture harshen in kwando ya sauka, har dalilin da ya sa bai sa ƙusar a tsakiya ba. Abin da lauya ya cika shafuka yana kewaye-kewaye a kai, shi ya faɗa wa tsohuwa a 'yan mintoci yadda ko mai walda na bakin titi zai ƙera. Na yi masa faɗa a fili, ni kaɗai a ɗaki. Na ce kai dai bakinka ba ya shiru, wa ya aike ka? Ka ce mata inji ne mana, ka wuce!

Na rubuta "ba a ji saboda ƙarar inji." Wa zai kama ni? Masu jin Hausa a garin nan mun san juna, ba wanda zai je ya tona. Na tuna firam ɗin da ke cikin zannuwa. Na bar layin a haka na kwana.

Da safe motar shara ta zo. Na zauna a bakin gado kamar kullum, ina jin kwanduna suna bugun ƙarfe, sai kiran nan na ƙarshe ya dawo mini, ni ina cewa ina jin ka, shi yana fama ya kasa fitar da kalma ɗaya. Ranar ce ba a ji shi ba. A bidiyon nan kuwa ƙirjinsa cike yake da iska, muryarsa ta danne injin gurza, kowane harafi ya fita. Ita ke nan muryar da ta rage masa a duniya, ni kuma in sa hannu in ce ba a ji. Na kasa. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba, ko da yake akwai shi. Na goge layin na rubuta duk abin da ya faɗa, har akuyar.

Aka haɗa mu ganawa ta bidiyo da mai binciken. Bamalayiya ce, da ɗan lulluɓinta, daga gida take aiki, ana jin kukan jariri a bayanta. Ta sa bidiyon a allo, ta tambaya ko mai maganar zai shigo. Ashe ba wanda ya gaya mata. Na ce ya rasu a annobar nan. Ta ce inna lillahi, ta rufe baki da hannu. Sannan ta gyara tabarau ta ci gaba, don aiki aiki ne. Ta ce da hoton kaɗai ne, ba ta da hujjar hanawa. Amma da fassarar nan duk mai sana'ar zai iya ƙera ƙugiyar, saboda haka ba za a ba da takardar ba. Ta ƙara da cewa za ta rubuta a rahotonta cewa duk binciken da ta yi ba ta ga wanda ya riga mutumin cikin bidiyon ba. Na ji haushinta, na ji nasa, na fi jin nawa.

Da magariba na kira matarsa, can gida rana ce. Na gaya mata komai, ban ɓoye fassarar ba.

"Da ka sa ba a ji, da sun bayar?"

"Wataƙila."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta ce, muryarta a dushe. Sai ta rage murya. "Ina gidan Inna yanzu. Don Allah, Malam, kada ka faɗa mata dalili. Bidiyon nan kullum sai an kunna mata. Ga ta nan, ta ji kai ne."

Kafin in shirya, muryar tsohuwar ta shigo. Ta sa mini albarka, ta tambayi ciwon garin, ta ce in dinga rufe hanci. Sannan ta ce, "Ɗan nan, takardar abokin naka fa? Me hukumar ta ce?"

Na ce, "Sun bincika duk duniya, Inna. Sun ce shi ne ya fara yin ta, ba wanda ya riga shi."

"Allahu akbar. Ta yaya suka tabbatar?"

"Bidiyon nan suka gani."

Sai na ji ta yi dariya, dariyar jin daɗi, tana kiran mutanen gidan su zo su ji.

"Kun ji ko? Ai ni na sa shi. Cewa ya yi ba a nunawa tukuna, na ce ko ni uwarka? Da ban matsa masa ba, da yanzu da me za su gane?"

Na ce haka ne, Inna.