Alkawarin Wankan Iya

A shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin kasuwar Tamale, kuma ba zan ɓoye ba, 'yancin kai ya karɓe ni. Gari ya cika da akawuna da leburori da direbobin lori, kowa da yunwarsa. Tukunyata ɗaya ta zama uku. Na ɗauki mata biyu suna ɗorawa suna saukewa, ni kuwa na sami kujera 'yar tsugunno na dasa kaina a kai daga hantsi har la'asar. Aikina zuba abinci da ɗanɗana miya, ɗanɗanon nan kuwa da ludayi nake yin sa. Ƙanzo nawa ne, gandar da ta rage a gindin tukunya tawa ce. Kafin in ankara zane ya daina zagaye ni sai da tela ya ƙara masa ƙyalle. Matan zango suka ce jikin arziki ne. Malam, maigidana, in muka fita biki yana gaba yana ɗaga kafaɗa kamar shi ya gina ni da hannunsa.

Ina da wani aikin kuma wanda ba na kasuwa ba. Idan mace ta rasu a zangonmu, ni da Iya ake kira mu wanke ta.

Iya ba ita ta haife ni ba. Tsohuwa ce da ta biyo fataken goro daga ƙasar Kano tun tana yarinya, ba ta taɓa haihuwa ba, tana zaune ita kaɗai a wani ɗaki bayan masallaci. Ranar da mahaifiyata ta rasu ita ta zo wanka, ta ce in riƙe mata buta. Daga nan ba ta sake ni ba. Ta koya mini sirka ruwa ya yi ɗumi irin na wankan jariri, da dakan ganyen magarya, da naɗe hannu da ƙyalle, da farawa ta dama. Zane ba ya barin jikin mamaciya, ta ƙarƙashinsa ake aiki. A ƙarshe a yi mata kitso guda uku, a sa kafur. Aikin Allah ne, ko goro ba ma karɓa. Babbar dokarta kuwa ita ce, duk abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake kwana. Kuma aikin duk a durƙushe ake yin sa, domin a ƙasa ake shimfiɗe gawa.

Wata rana muna dawowa daga wani wanka ta tsaya a hanya ta kama gefen mayafina.

"'Yar nan, ni ba ni da ɗiya. Ke za ki wanke ni. Akwai wani abu a bayana da na ɓoye tun kafin a haife ki, ba na so ya faɗa bakin matan zango. Kin ji?"

Na ce na ji, na kuma ɗauki alkawari. A lokacin ina iya tsugunawa in miƙe da tulu a kai, alkawarin bai yi mini nauyi ba.

Sai ga ranar da na ji kunyar da har yau in na tuna nake rufe ido. Wata mai sayar da daddawa ce ta rasu. Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara. Da aka zo juya ta, numfashina ya tsaya a wuya, zufa tana ɗiga a kan zanenta. Iya da tsufanta ita ta ƙarasa. Aka gama, aka ce a tashi, ni kuwa ƙasa ta riƙe ni. Na dafa bango, na dafa ƙofa, ina! Sai da mata biyu suka shiga hammatana suka ciccibe ni kamar buhun masara. Wata ta kasa daurewa ta yi dariya, a ɗakin gawa, 'ya'yan mamaciya suna bakin ƙofa. Ban ga laifinta ba, amma na fi wata biyu ban amsa gaisuwarta ba.

Daga ranar na daina zuwa. In aka aiko sai in ce kasuwa ta riƙe ni. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, son aikin ma ya mutu a raina. In na ji salati ya tashi a wani gida, maimakon tausayi sai in ji haushi, kamar don a tona mini asiri aka mutu. Salla ta koma a zaune. Kaina ya yi wata da watanni babu kitso, na cusa shi cikin ɗankwali. Ƙafafuna da ba na iya kaiwa gare su suka yi faso har suna kama tabarma. Iya ma na daina bi ta ƙofarta, in zagaya ta bayan mahauta don kada mu haɗu.

Ita ta zo. Wata Juma'a da yamma ta shigo da sandarta, ta rame ƙwarai, wuyanta duk jijiya. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi faɗan ba. Ta zauna a ƙasa a gabana, ta ce in miƙo ƙafa. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta jiƙa su, ta goge da dutse, ta kwance wani ƙunshin ganye ta lakato man kaɗe tana cusawa a cikin fason nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take yi wa waɗanda ba sa iya cewa an gode. Ina kallon tsakar kanta fari fat, hawaye suka zubo mini.

"Dube ni," in ji ta. "Na rage miki aiki. Hannu ɗaya ma ya isa ya juya ni yanzu. Saura ke, ki rage mini naki."

Na ce, "Iya, ba zan iya durƙusawa ba."

"Yau ba za ki iya ba. Ni ma ba yau zan tafi ba, in Allah ya so. Amma kada ki daɗe, ba ni da ƙarfin jira sosai."

Washegari na ajiye ludayi na ɗauki ƙaramin cokali. Ƙanzo na bar wa masu taya ni aiki, suka karɓa suna kallona kamar na zautu. Tuwon zafi da nake tashi da malmala uku na mayar da shi ɗaya, na yawaita miyar ganyen ayoyo. Itacen da ake kawo mini har murhu na ce a bari, ni zan je Dabokpa, can bayan gari, da ƙafa in zaɓo da kaina. Ranar farko ko rabin hanya ban kai ba, na zauna a gindin wata ɗorawa ina zagin kaina, ina zagin hanyar, har da akuyar da ta tsaya tana kallona. Na dawo hannu wofi. Na sake fita washegari. Kowace safiya kuma bayan salla sai in rufe ƙofa in durƙusa a tsakar ɗaki in gwada tashi. Da farko da ƙafar gado nake jan jikina. Daga baya na koma dogara taɓarya. Na kira mai kitso ta tsefe kan nan, ta yi ta tsaki tana cewa wannan ai sai da fartanya. Ƙafafuna kuwa kullum sai na shafa musu mai, tun ina miƙa wa wata har hannuna ya fara kaiwa.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne mutanen zango. A wurinmu mace ba ta raguwa haka kawai, ko ciwo ne, ko miji ya gaza, ko an yi mata sammu. Da zanena ya fara sakwarkwacewa, maƙwabciyata, wata Badagomba mai kirki da surutu wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta tare ni a bakin rijiya ta dafa ƙirji.

"Oi! 'Yar'uwa, ka rame paa! Mene ya same ka? Malam bai ba ka abinci ne?"

Na ce lafiyata ƙalau, ni nake so in rage. Ta yi mini kallon da ake yi wa mara lafiyar da ba ya so a sani, ta ce Allah ya sawwaƙe. Da yamma sai ga langa cike da fura da nono, man shanu yana yawo a sama. Washegari langa uku: cukun wagashi soyayye daga wani gida, farfesun ƙafar sa daga wani, tuwo da mai har yana kwaranya. Wata ta haɗo da rubutun sha a kwalba. Dattawan mata suka yi ayari suka sami Malam a zaure suka yi masa nasiha a kan haƙƙin iyali. Ya shigo ransa a ɓace, hularsa a hannu.

"Uwargida, me na yi miki? Ana nuna ni a masallaci, wai na bar ki da yunwa."

Na so in yi dariya, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai na zaunar da shi na gaya masa zancen alkawarin. Ya ce to, su yi ta nunawa. Daga ranar in zan je Dabokpa yakan raka ni har bakin gari yana tura kekensa.

Saura langunan. Mayar da abinci cin fuska ne, ci kuma ba zan yi ba. Sai na ɗauki ta furar na kai wa Iya. Ta sha kaɗan ta ce akwai wata makauniya a bayan gidan mai ƙira da ba ta da mai dafa mata. Na kai mata farfesun. Na tarar ɗakinta ba shara, sai na share. Na ga ƙumbanta sun yi tsawo, na yanke. Ita kuma ta gaya mini akwai wata mai jego da mijinta ya tafi Kumasi aiki. Haka abin ya yi ta jan juna. Zango suna ta aiko abinci don su mayar mini da jikina, ni kuwa ina yawo da shi a kai gida-gida, jikin yana ƙara zubewa, su kuma suna ƙara mai.

Wata safiya ina wanke wa makauniyar nan kai, tana ta sa mini albarka, sai na ji wani abu da na daɗe ban ji ba. Daɗi na ji, daɗi sosai, irin wanda nake ji a da in mun gama wanka mun naɗe likkafani tsaf. Ban ma lura cewa a tsugune nake ba sai da na miƙe zan zubar da ruwa. A ranar na kai goshina ƙasa a sallar azahar, na ji sanyin daɓe, na kasa ɗagowa don kuka.

Ban zama siririya ba, kada a yi mini ƙarya. Har yanzu in na shiga mota ana matsawa. Amma gwiwoyina sun dawo hannuna. Da aka yi rasuwa a gidan wani mai ɗinki, ban jira aike ba, na daka magarya na tafi. Iya ba ta iya zuwa lokacin, tana kwance. Da na dawo na ba ta labari, abu ɗaya ta tambaya.

"Wa ya tashe ki?"

"Ba kowa, Iya."

Ta lumshe ido ta ce, "To, madalla." Na roƙe ta ta bari in riƙa yi mata wanka tun da hannunta ya yi rauni. Ta ƙi. Ruwa kawai nake kai mata in ja ƙofa. Ta ce sau ɗaya zan gani, kuma ranar ba ta zo ba tukuna.

Ta rasu da damina, wata safiya da aka kwana ana yayyafi. Mata suka cika tsakar gida, kowa tana so ta shiga, domin babu gidan da Iya ba ta wanke wa wata ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce a'a. Na zaɓi maƙwabciyata Badagomba ta riƙe buta, na ce ta juya fuskarta bango in na ce ta juya. Da duk surutunta, ko tari ba ta yi ba.

Na durƙusa. Na taɓa ruwan da bayan hannuna, ɗuminsa daidai. Na fara ta dama. Da na zo juya ta, gaskiya ta faɗa, hannu ɗaya ya isa, amma biyu na sa. Na ce wa maƙwabciyata ta juya. Na ga abin da Iya ta ɓoye. Na wanke shi a hankali sau uku, na shafa masa kafur, na ja zane na rufe. Yau shekaru masu yawa ke nan, masu tambayata sun tambaya har sun gaji, da yawansu ni na wanke su. A takardar nan ma ba zan rubuta ba.

Na yi mata kitso uku a ɗan farin gashin nan, na naɗe ta. Aiki ya ƙare, amma na ci gaba da zama a durƙushe, hannuna a kan ƙafafunta. Maƙwabciyata ta ga na daɗe, ta zaci abin nan ne ya dawo. Ta ajiye buta ta zo ta bayana za ta shiga hammatata.

"Bari in ɗaga ka, 'yar'uwa. Ba wanda zai ji."

Na ce ta bar ni, zan iya tashi, ban dai so ba tukuna.